Bututu Huɗu da Kwanukan Innarku

Kun tashi kuna jin ana kirana Alhaji Mai Jirgi, na kuma san sunan ya daɗe yana ba ku kunya. Ke Sadiya kin taɓa roƙona in riƙa sauke ki nesa da ƙofar makarantarku ranar komawa daga hutu, kai kuma Nura ka yi dambe a kan maganar har aka aiko mini da takarda. Abin da kuka ɗauka, wanda duk Rano ta ɗauka, shi ne babanku ya doshi hamsin sai ƙuruciya ta dawo masa, ya je ya ɗaura wa tsohuwar motarsa abin ruri don a riƙa kallonsa. Ban taɓa musa muku ba, saboda na yi wa wata alkawarin yin shiru. Yanzu mai alkawarin ta sake ni. Ga ta nan a gefena tana ɓarar gyaɗa ina wannan rubutu, ta ce in rubuta, amma kada in zuba gishirin da na saba zubawa. Zan yi iyakar ƙoƙarina.

Da ruwa maganar ta fara. Tun makon da aka kawo Innarku daga Zinyau, ban taɓa dawowa daga aiki ban same ta tsaye a bayan zaure da kofin ruwan randa a hannu ba. Ban roƙe ta ba, ba kuma a littafi ta gani ba, domin littattafan soyayyar nan da nake saye a tasha ina ɓoyewa cikin takardun aiki ba su dame ta ba sai in ni na karanta mata. Ni kuwa na karanta su fiye da ƙirge, na ga masoya suna ba juna zobe da turare da wasiƙu masu kalmomin zuma, amma ban taɓa cin karo da kyautar da ta kai wannan kofi ba. Aikin malamin gona yawo ne, yau Zurgu, gobe Madachi, jibi ƙauyukan Kibiya. Ni kaina ban cika sanin lokacin dawowata ba, amma kunnenta ya sani. Ina da keke ta san kukan sarƙarsa, na sayi babur ta ware shi daga baburan unguwa, da Allah Ya hore mini 'yar farar motar nan ta hannu kuwa, tun ina kwanar masallaci take ajiye abin da take yi ta nufi randa. Ruwan yakan iso hannuna da sanyinsa, kofin yana gumi.

A bazarar shekarar da nake ba ku labari, kuna makarantar kwana ku biyu, wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita kwana tara. Ta miƙe, muka gode wa Allah, aka yi sadaka, na koma aiki. Na lura ta rage magana, ta kuma fara zuba wa bakina ido in ina zance, sai na ɗauka, irin tunanina, so ne ya ƙaru bayan jinya. Ruwan ma na ji sanyinsa ya ragu, na ɗora laifin a kan zafin gari. Sai ranar da hadarin farko ya haɗu. Na dawo daga Madachi, na kashe mota, na shiga zaure, babu kowa a bayansa. Na yi sallama har sau uku. Tana zaune a tsakar gida ta ba ni baya tana tsintar shinkafa. Da na dafa kafaɗarta ta zabura, faifan ya kife. Ba shinkafar ta kalla ba, randa ta kalla, sai hawaye.

"Malam, tun da na tashi daga ciwon nan ba da kunne nake tarar ka ba," in ji ta. "Inuwar darbejiya nake kallo. In ta taɓa bakin rijiya sai in ɗebi ruwa in je in tsaya, wani lokaci har ƙafata ta yi tsami. Yau hadari ya rufe mini rana."

"Rabi, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Juyo da fuskarka ka sake faɗa."

Na juyo, na sake faɗa.

"Saboda ba na son a fara yi mini ihu kamar ana korar awaki daga shanya. Ka yi mini alkawari, ko yaran nan kada su sani."

Na yi alkawari. Kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu ya rage kaɗan: in ka matso kusa, tana kallon bakinka, za ta gane ka sarai, amma abin da yake bayan bango ya bar ta. Na kai ta Kano wajen likitan kunne, muka ce wa mutane dubiya za mu. Likita ya haska, ya gwada, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. A hanyar komawa sai ga wata motar samari ta wuce mu da wani irin ruri mai kauri wanda na ji shi har cikin ƙirjina. Abin da na gani ta gefen ido shi ya canza mini shekarar. Innarku ta waiwaya. Ta bi motar da kallo, ta ce, "Wannan kuma mene ne?"

Mako bai zagayo ba na koma Kano ni kaɗai, na shiga kasuwar 'yan kayan mota ina kwatance har aka kai ni shagon wani mai gemu wanda ya gane abin da nake nufi. Ya yi mini bayani dalla-dalla. A jikin kan inji akwai ramuka huɗu da hayaƙi yake fita, masu ƙera mota sun rufe su da wani ƙarfe mai nauyi wanda yake tattara hayaƙin wuri guda ya danne muryarsa. In ka cire shi ka sa wannan, ya ɗago mini wasu bututu huɗu masu sheƙi da suka lanƙwasa suka haɗu suka zama ɗaya, kowane rami zai samu hanyarsa, inji ya yi numfashi, muryarsa ta buɗe. Heda suke ce masa. Ya haɗa mini da salansa mai buɗaɗɗen ciki, da gaskit, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada hayaƙi ya tsira, ya dage sai na ɗauki biyu.

"Alhaji, na yaronka ne?" ya tambaye ni yana naɗewa cikin buhu.

"Nawa ne."

Ya dubi furfurata, ya dubi buhun, ya ce, "To, Allah Ya sa albarka."

Zan iya kai wa Habu garejinsa ya ɗaura cikin rabin yini. Kun san Habu, ɗan ƙanwar mahaifina, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa barin wata magana tawa ta wuce bai tona ta ba. Dalilina na farko na ƙin kai masa ke nan. Na biyu kuwa, a duk littattafan da na karanta ban taɓa ganin masoyin da ya ba da kwangilar soyayyarsa ba. Na ce da hannuna zan yi, a gidana, a gaban idonta, ko da yake abin da na sani a jikin mota bai wuce zuba ruwa da duba baƙin mai ba. Ranar Alhamis na shigo da motar ta ƙofar gefe da muke shigo da amfanin gona, na ajiye ta ƙarƙashin darbejiya. Notuna takwas ne suke riƙe da tsohon ƙarfen, duk tsatsa ta cinye su, na yi kwana biyu ina ɗiga musu kananzir da gashin kaza safe da yamma kamar mai jinyar gyambo.

Asabar da hantsi na cire kan batir, na ɗaga gaban motar da jak. Na nemi turmin Innarku in tokare, ta ce in taɓa shi in gani, sai na jero bulo da gungumen itace. Ta kawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna kusa da taya, da faifai a cinya. Duk notin da na kwance sai in miƙa mata, ta jera shi a inda ya dace, na gaba a gaba, na baya a baya. Ba ta tambaye ni dalilin aikin ba, domin ta sani. Abin da ta ce kawai, "Malam, in motar nan ta ƙi tashi, da ƙafa za ka je Zurgu." Bakwai suka kwance, wasu da lallashi, wasu da guduma. Na takwas yana can baya inda hannu ba ya shiga sosai. Na sa sifana, na ƙara mata tsawo da guntun bututun famfo, na ja da ƙarfin zuciya. Na ji ya saki, na yi murmushi, na zaro hannu, sai ga noti da rabin ƙusar da yake hawa a tafina. Sauran rabin yana cikin inji.

Babu yadda zan yi, na kira Habu a waya. Ya iso a babur da 'yar tukunyar gas ɗinsa ɗaure a baya, tun daga zaure yake magana.

"Ina bawan nawa? Kai da aikinka auna taki, me ya kai ka cikin inji?"

Ya gaisa da Innarku, ya leƙa bonet, sai idonsa ya faɗa kan bututun nan huɗu a shimfiɗe bisa tabarma suna ɗaukar ido. Ya tsaya. Ya zagaye su sau biyu.

"Kabiru, wannan ai na 'yan tsere ne. Ina za ka je da gaggawa haka, kai da akuya take wuce ka a hanyar Kibiya?"

"Ka cire mini ƙusa, ban kira ka wa'azi ba."

Ya cusa kai cikin bonet yana ci gaba da zuba. "Yaya Rabi, ke kika bar shi? Mijinki jirgin sama zai haɗa miki a tsakar gida."

Kansa yana cikin inji, ba ta ga bakinsa ba, na ga idonta ya fara neman nawa. Na juya gare ta na ce da ƙarfi, kamar mai kai ƙara, "Kin ji bawan nan, wai jirgin sama zan haɗa miki."

Ta yi dariya ta ce, "In ya tashi, Habu, ba za mu ɗauke ka ba. Nauyinka ya yi yawa."

Haka muka yi shekaru muna yi ni da ita a gaban mutane, har ku kanku kun sha cewa Baba ya cika maimaita magana. Habu ya gasa guntun ƙusar da wuta har ta yi ja, ya ce a ba shi kyandir, ya goga a jikinta, kakin ya narke ya bi zaren ya shige. Ya kama ta da filaya, ya murɗa a hankali, ta fito kamar ba ita ba. Ya sa sabuwa, ya ce in matsa ya ƙarasa aikin. Na ce a'a. Ya ce to shi zai tafi ya sanar da mutanen gari su kwashe shanyarsu daga kan rufi kafin jirgi ya tashi. Kafin azahar sunan ya riga ni isa masallaci.

Bayan salla na kankare ragowar tsohon gaskit da wuƙar yankan kuɓewa har wurin ya yi fes. Hedar ta ƙi shiga ta sama, sandar sitiyari ta tare ta. Na kwanta a ƙasa na turo ta daga ƙarƙashi, Innarku ta tsaya a sama ta kama bakinta tana juyawa, tana cewa "hagu, hagu, ba wannan hagun ba," har ta zauna a kan ƙusoshinta. Hannun da na saba gani da lalle ya yi baƙi da mai har gwiwa, ban kuma taɓa ganin ya yi kyau irin na ranar ba. Yanzun nan da nake rubutun ta ce in goge wannan layin, na ƙi. Na haɗa ƙasan da sabon salansa, na ɗaure wayoyin fulogi gefe don kada zafi ya narkar da su, sannan na zo ɗaure notuna. A nan na yi kuskuren manomi. Na fara daga na gaba na ɗaure shi tamau, na wuce na biyu, na uku, har ƙarshe, kamar mai bin kunya a gona, sai ka gama ɗaya kake shiga ta gaba. Na mayar da batir, na yi bisimilla, na murɗa makulli.

Zabin gidan nan suka tashi sama gaba ɗaya suka sauka a kan rufin kwano. Karatun da ake yi a zauren maƙwabcinmu Malam Isyaku ya tsaya cak. Amma a ƙarƙashin rurin ina jin wani abu yana tas-tas-tas kamar ana soya gyaɗa, warin hayaƙi kuma yana tasowa daga bonet. Na leƙa ta nan, na leƙa ta can, ƙarar ta cika mini kunne na kasa gane inda take fita. Na yi wa Innarku bayani da baki da hannu. Ta shiga ɗaki ta fito da ɗan sili na auduga a kan tsinke, ta riƙa bin bakin bututun da shi ɗaya bayan ɗaya. A na farko audugar ba ta motsa ba, a na biyu ma haka, da ta kai na huɗu sai ta kama rawa.

"Ga ɓarakarka nan," in ji ta. "Ka danne gaba, baya ya ɗaga. Ni dai in zan saƙa faifai daga tsakiya nake farawa, in bi shi a zagaye, shi ya sa yake kwanciya."

Muka jira inji ya huce, muka ci ɗanwake a gindin bishiya, duk da haka sai da na ƙona yatsa don gaggawa. Na kwance duka, na sa gaskit na biyu, na yi wa mai gemun nan addu'a. Na fara daga notunan tsakiya, kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, ina faɗaɗawa har na kai baki, na sake zagayowa sau uku. Daga baya da na ba Habu labari ya ce haka kowane makanike yake yi, kuma da ma ya san Yaya Rabi ce mai kai a gidan. Da na sake tayarwa, tas-tas ɗin ya ɓace, sai murya ɗaya mai kauri, mai zurfi. Bututun suka yi hayaƙin sabunta, sheƙinsu ya fara juyawa ruwan zuma. Innarku ta ɗora tafinta a jikin motar, ta rufe ido, ta ce, "Ina jin ta." Na ji kamar an ba ni Rano da kewayenta.

Amma ji a tsaye kusa da mota daban, ji daga cikin gida daban. Washegari bayan la'asar muka shirya gwaji. Zan fita hanyar Kibiya in ɗan yi nisa in juyo, ita kuma ta zauna a tsakar gida, kada ta kalli inuwa, kada ta tashi sai ta ji ni. Na fita mutane suna leƙowa daga shaguna. Ban yi nisa ba na tarar da garken shanu yana tsallaka titi, da suka ji ni suka watse, wasu suka nufi gonar dawa. Na kashe mota na fito, ni da makiyayin, wani dattijo mai malafa, muka yi ta kora har suka haɗu. Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma don Allah in bari su yi nisa kafin in tayar da wannan abin. Na zauna a bakin hanya har suka ɓace. Da na dawo na taka totur tun daga kwanar masallaci, na tsaya a ƙofar gida, na shiga zaure. Ga ta tsaye da kofi, tana murmushi. Na karɓa, na kai baki.

"Rabi, ruwan nan ya yi ɗumi."

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Tun fitarka na ɗebo. Na ji tsoron in koma sakewa ka shigo ba na nan."

"Ba ki ji komai ba?"

"Ban ji ba, Malam. Na ga yatsanka da ya ƙone, ban so wahalarka ta tashi a banza."

Duk garin ya ji ni, har shanun Kibiya, ban da mutum ɗaya da na yi abin dominta. Da safe ina fitowa na tarar da Malam Isyaku a ƙofar gida. Shekara da shekaru ni nake ɗaukarsa zuwa masallacin Juma'a, mutum ne da ba ya ɗaga murya. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Kabiru, ana ganin girmanka a unguwar nan. Wannan abin na yara ne." Na ce ya yi gaskiya, in Allah Ya kai mu Asabar zan cire. Da niyyar haka na tafi aiki.

Ran nan aka yi ruwa mai yawa da rana, taron manoman da na je yi a Zurgu ya watse da wuri, na juyo gida tun kafin la'asar, lokacin da ban taɓa dawowa ba. Hanyar ƙofar gidanmu ta cika da ruwa, dole na bi ta lungun baya, wanda yake bin bayan zauren Malam Isyaku ya wuce ta jikin bangon ɗakin Innarku. Lungun duk taɓo, na sa giya ɗaya ina tafiya kamar hawainiya, daidai bangonta taya ta kafe, na taka totur sau biyu kafin ta fita. Na zagayo na ajiye mota, na shiga zaure ina kakkaɓe takalmi, ba na sa ran kowa. Tana tsaye. Tana haki kamar wadda ta yi gudu, ɗankwalinta a karkace, kofin yana gumi. Na taɓa shi, sanyi ƙalau. Babu rana balle inuwa, ba kuma lokacina ba ne.

"Wa ya gaya miki?"

Ta kama hannun rigata ta ja ni har ɗaki. Kun san kabad ɗin nan na jikin bangon baya, inda ta jera samiru da kwallayen aurenta, kowanne da murfinsa, waɗanda ba ta yarda kowa ya ci abinci a ciki. Ta nuna su.

"Ina ninke kaya a bakin gado sai na ga murafan suna rawa. Duka, tun daga sama har ƙasa. Ƙarfen gadon ma na ji shi a cinyata. Ya tsaya, ya sake. Na ce wannan ba kowa ba ne sai Malam." Ta tura ni waje. "Koma ka sake, in gani ko da gaske ne."

Na koma. Sau uku na zagaya lungun nan cikin taɓo a yammacin, ina tsayawa jikin bango ina taka totur, sau uku tana tarata da sabon ruwa tana dariya har da riƙe ciki, ni kuma ina sha har cikina ya ɗauki ƙugi. Mutanen lungu suka fito suka tsaya a ƙofofinsu. A ranar aka daina cewa ƙuruciya ce, aka fara cewa a yi mini addu'a.

Asabar ta zo ban cire ba. Abin da na yi kawai shi ne na sake bin notunan da sifana, daga tsakiya, domin zafi yakan sassauta su. Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar Malam Isyaku kamar kullum, aka ce ya riga ya tafi da ƙafa. Wannan ya yi mini ciwo fiye da sunan da Habu ya laƙaba mini, domin na faɗa masa magana na saɓa, ba ni kuma da bakin bayani. A da, in za a je nema wa wani yaro aure a unguwa, ina cikin dattawan da ake aikawa. Daga shekarar aka daina. Wa zai aika mutumin da yake firgita zabi ya nemo masa suruka? Na yi wa kaina doka: ba na bin lungun lokacin salla, ba na wuce taku biyu, in na hango shanu a hanya ina kashe inji in jira. Sauran kuwa na haɗiye, har da kunyar da na ga tana kama ku. Wannan ita ce ta fi nauyi, ina kuma roƙonku ku yafe mini ita.

Wajen shekara biyu ana haka. Wata Juma'a na fito zan tayar da mota sai na ga Malam Isyaku tsaye jikinta da dardumarsa a kafaɗa. Ya buɗe ƙofa ya zauna a mazauninsa na da. Sai da muka kusa masallaci ya yi gyaran murya.

"Na daɗe ina lura, Malam Kabiru. Mai son a kalle shi a kasuwa yake taka mota. Kai kuwa ba ka taka ta sai a jikin bango ɗaya."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Ban tambaye ka ba, kada ka faɗa. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya."

Har ya koma ga Mahaliccinsa, Allah Ya jiƙansa, bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake tafiya Juma'a da ƙafa ba.

Sauran kun sani, ko kun san rabinsa. Kun gane ciwon kunnen Innarku bayan kun yi aure, kuka ɗauka tsufa ne ya kawo shi, Sadiya ta kai ta aka sa mata 'yar na'urar nan da take ɓoyewa ƙarƙashin ɗankwali, wadda take cirewa duk lokacin da Habu ya zo. Motar ta mutu tuntuni, masu sayen tsohon ƙarfe sun tafi da ita. Amma kafin su ɗauka na kwance bututun nan huɗu da hannuna, suna rataye a ɗakin ajiya bayan buhunan masara, sun yi baƙi, ba za ku ce sun taɓa sheƙi ba. Nura ya taɓa cewa a ba masu gwangwan su. Kada a bayar. In ta Allah ta kasance, wanda ya ɗauki kwanukan Innarku shi zai ɗauke su, tare suke.

Na karanta mata wannan babi yanzu, a kunnen hagu, tana kallon bakina kamar yadda ta saba ko da na'urar tana ciki. Ta ce gishirin bai yi yawa ba, ban da zancen lalle. Sai ta ajiye gyaɗar ta ce na bar abu ɗaya.

"Ka rubuta ranar gwaji ruwan ya yi ɗumi."

"Ai ya yi."

"Ya yi. Amma ba ka rubuta ka shanye shi ba."

To, ga shi na rubuta. Na shanye shi duka, a tsaye a bayan zaure, na miƙa mata kofin babu ko ɗigo.